Jajayen Idanu a Ɗakin Shirgi

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ba ta iya ganin abu ta ƙyale shi. In agogo ya tsaya, sai ta buɗe bayansa. In rediyo ta fara tari, sai ta nemo sukundireba. Shi ya sa babanta yake kiranta Injiniya. Sunan ya bi ta har makaranta.

Wata rana kawunta ya kawo musu ziyara. Ya ciro wata 'yar fitila daga aljihu, siririya kamar biro.

"Wannan ita ce lesa," in ji Kawu. "Da ita nake nuna rubutu a allo a wurin aiki. Da can ɗan ƙaramin jan ɗigo take fitarwa. Amma ta faɗi, gilashin bakinta ya fita ya ɓata. Ku duba yanzu."

Ya danna. Wani dogon jan tabo ya bayyana a bango, kamar an shafa jambaki.

"Zan gyara ta!" in ji Injiniya.

Kawu ya yi dariya. "Ai don ke na kawo."

Baba bai yi dariya ba. Ya karɓi lesar ya jujjuya ta.

"Injiniya, saurara. Wannan haske ba irin na tocila ba ne. In ya shiga ido, yana ɓarna. Ba za ki kunna ta ba sai da babba a kusa. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Baba direban babbar mota ne. Kafin ya tafi da safe, ya ɗora lesar can saman kabad ɗin falo.

A makon nan malamin kimiyya ya ce za a yi nunin ƙere-ƙere a makaranta. Kowa ya kawo abin da ya haɗa da hannunsa. Da aka tashi, Injiniya ta bi shi ta ba shi labarin lesar.

"Gilashi biyu kike buƙata," in ji Malam. "Na farko zagayayye, mai tudu a tsakiya. Shi zai tattara hasken wuri ɗaya. Amma hasken lesa yakan fito da tsawo ta gefe guda. Saboda haka sai an ƙara na biyu, wanda ya lanƙwasa ta gefe ɗaya kawai, kamar jikin kwalba. Shi zai mayar da ɗigon zagayayye."

"A ina ake samun irinsa, Malam?"

"A wasu tabarau. Ki kawo lesar bayan hutun mako, mu yi aikin tare. Kada ki yi ke kaɗai."

"To, Malam."

Da baki ta ce to. A ranta kuwa wani abu take saƙawa. Tana so ta shigo aji da lesar a gyare, Malam ya riƙe baki.

Ranar Lahadi bayan azahar gidan ya yi tsit. Mama ta shiga maƙwabta. Kaka tana barci a ɗakinta, ta ajiye tabaraunta kusa da matashi.

Injiniya ta shiga da sanɗa. Ta ɗaga tabaraun, ta kalli ƙofa ta cikinsa, ta juya shi a hankali. Ƙofar ta yi tsawo, ta koma ta yi faɗi.

"Shi ne!" ta ce a ranta. "Aro kawai zan yi. Kafin ta farka na mayar."

Ta taka kujera ta sauko da lesar. Tana juyowa ta ga ƙaninta Auta yana kallonta, yatsa a baki.

"Zan gaya wa Baba."

"In ka yi shiru zan nuna maka abin mamaki."

Auta ya cire yatsa ya bi ta.

A bayan gidan akwai ɗakin shirgi. An toshe tagarsa da kwalaye, ko da rana tsaka duhu ne a ciki. Akwai karyayyun kujeru, da tsohon keken ɗinki, da wata durowar kaya da aka lulluɓe da zanen gado. Ɗakin yana warin ƙura da tsofaffin takalma. Ba mai son shiga.

Injiniya ta tura ƙofa ta rufe. Wani siririn haske kawai ya rage a ƙarƙashinta.

"Yaya, a bar ƙofar a buɗe mana."

"Matsoraci. A duhu ake ganin hasken sosai."

Ta kunna tocila ta ba shi ya riƙe. A cikin wani kwali ta samo tsohuwar kyamarar da ta daina aiki. Ta ɓalle gilashin gabanta. Zagayayye ne, mai tudu a tsakiya. Ta naɗe kwali ta yi bututu, ta cusa gilashin a baki ɗaya, lesar a ɗayan. Ta liƙe bututun a kan teburin keken ɗinki da salatif. Sannan ta ɗaure madannin lesar da roba don kada ya mutu.

"Kashe tocilar."

Auta ya kashe. Wani jan zare ya ratsa duhun, ƙura tana iyo a cikinsa. Injiniya ta tura gilashin gaba, ta jawo shi baya. Dogon tabon nan ya tsuke, ya tsuke, har ya koma kamar ƙwayar shinkafa.

"Saura kaɗan," in ji ta.

Ta ɗauko tabaraun Kaka. Ta kwance 'yar ƙusar da ke riƙe da gilashin dama. Ƙusar ta suɓuce, ta yi ƙara sau ɗaya a ƙasa, ta ɓace cikin shirgi. Ta laluba, ba ta same ta ba. Sai ta ce a ranta za ta neme ta daga baya.

Ta riƙe gilashin Kaka a gaban bututun. Ta juya shi a hankali. Ƙwayar shinkafar ta gajarce, ta kumbura, ta zama ɗan jan ɗigo zagayayye.

"Auta, duba! Na yi! Na yi!"

Auta ya matso. Ya kama gefen rigarta.

"Yaya," ya ce da raɗa, "wani yana kallonmu."

"Wa?"

"A baya. Can sama."

Ta waiga. A bangon bayansu, kusa da rufi, akwai wasu ƙananan jajayen idanu biyu. Ba sa ƙiftawa. Ba fuska, ba jiki. Idanu ne kawai a cikin duhu.

Injiniya ta jawo Auta jikinta.

"Hasken lesa ne," ta ce. Amma muryarta ba ta fito sosai ba. Ai lesar gaba take kallo, ba baya ba.

Ta sa ɗaya hannun ta tare hasken a gaban gilashin Kaka. Ɗigon gaba ya ɓace. Ta sake waigawa.

Idanun suna nan.

Hannunta ya soma kyarma. Idanun ma suka soma motsi. Suka gangaro daga rufi a hankali, suka tsaya daidai tsawon mutum.

"Wayyo Mama!" Auta ya ƙwala ihu.

Ya zabura zai gudu. Ƙafarsa ta harɗe da zanen gadon da ke kan durowa, zanen ya zame. Ashe dogon madubi ne a jikin durowar. Auta ya bangaji keken ɗinki, bututun ya juya. Jan zaren ya daki madubin, ya dawo, ya shiga idon Injiniya na dama.

Komai ya yi ja. Ta runtse ido, ta faɗi zaune.

Babu zafi. Wannan ya fi ba ta tsoro. Ta lalubo lesar ta cizge robar. Ta cusa komai a aljihun riga ta fito da gudu.

A tsakar gida rana tana nan yadda take. Kaji suna tone-tonensu. Amma duk inda ta kalla, akwai wani baƙin abu a tsakiya, kamar hayaƙi. Ta kalli bokiti, yana kan bokiti. Ta kalli sama, yana sama. Ta rufe ido. Sai ya koma kore, yana yawo a hankali cikin duhu.

"Yaya, aljani ne ko?" in ji Auta, yana shessheƙa.

"Rufe mini baki. In ka faɗa wa wani, zai biyo ka."

Auta ya toshe bakinsa da hannu biyu.

Ta mayar da lesar saman kabad. Tabaraun kuwa bai gyaru ba. Gilashin ya ƙi zama. Ta tura shi can ƙasan jakar makarantarta.

Can sai ga muryar Kaka. "Wa ya ga idanuna? Nan na ajiye su."

Mama ta dawo, aka shiga nema. Aka ɗaga katifa, aka kakkaɓe zannuwa.

Kaka ta kamo Auta. "Maigidana, ko kai ka ɓoye don kada in ga munin kanka?"

Kullum Auta yakan rama. Yau sai ya fashe da kuka.

"Ikon Allah," in ji Kaka. "Yau maigidan babu wasa."

Mama ta juyo. "Injiniya, ba ki gani ba?"

Injiniya ta ɗaga kai. Baƙin abin ya zauna a fuskar Mama. Ta rufe idon hagu don ta tabbatar. Ga ɗankwali, ga kunnuwa, ga haɓa. Amma tsakiyar fuskar babu komai. Babu ido, babu hanci. Murya ce kawai take fitowa daga cikin hayaƙi.

"Ban gani ba," ta ce, ta sunkuyar da kai.

Kafin magariba Kaka ta fito za ta zaga bayi. Ba ta ga dakalin ƙofa ba. Ta yi tuntuɓe ta faɗi a kan gwiwa. Mama ta ruga ta ɗaga ta. Gwiwar ta kumbura, fatar ta saluɓe.

"Ba komai," in ji Kaka, tana cije leɓe. "Tsufa ne."

Injiniya tana tsaye a bakin ƙofa. Ta san ba tsufa ba ne. Da aka kawo abinci, ta ture kwanon gefe.

Washegari baƙin abin yana nan. Ya bi ta har makaranta. A hanya mutane suna wucewa da rabin fuska. Ta riƙa kallon ƙasa.

A aji Malam ya yi rubutu a allo. "Injiniya, tashi ki karanta mana."

Ta miƙe. Duk kalmar da ta kalla, sai tsakiyarta ta dushe. Ta karkata kai, ta karanta farko, ta tsallake tsakiya, ta faɗi abin da babu shi. 'Yan aji suka kwashe da dariya.

"Ya isa," in ji Malam. "Zauna."

Da aka fita tara, ya kira ta.

"Me ya sa kike karkata kai kamar kaza ta ga shaho?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kalle ni."

Ta kalle shi, ta yi sauri ta kau da kai. Hawaye suka zubo.

"Malam, wani abu ya shiga idona. Yana cinye fuskokin mutane."

Malam ya ajiye allin da ke hannunsa. "Kin kunna lesar nan?"

Ta gyaɗa kai. Sai maganar ta ɓalle. Ta faɗi ɗakin shirgi, da jajayen idanu, da madubi. Ta ciro tabaraun Kaka daga jaka ta ajiye a tebur.

Malam bai yi faɗa ba. Ya ɗauki waya ya kira Mama.

"Yanzun nan za mu asibitin ido," ya ce. "Tun jiya ya kamata a je."

A asibiti likitar ta ɗiga mata magani a ido. Ta zaunar da ita gaban wata na'ura, ta kai hannu za ta kashe fitila.

"Don Allah kada ki kashe!" in ji Injiniya.

"Ga hannuna, riƙe," in ji Mama.

Likita ta daɗe tana leƙawa. Ɗakin ya yi shiru, sai ƙarar fanka. Daga ƙarshe ta kunna fitila.

"A can bayan ido akwai wurin da hoto yake sauka," ta ce. "Hasken ya ɗan taɓa wurin, shi ya sa kike ganin tabo. Allah ya taimake ki kin runtse da sauri. Ina sa ran zai washe a hankali. Da ya ƙara daɗewa, da tabon ya zauna har tsufanki."

"Ba aljani ba ne?"

Likita ta yi murmushi. "Haske ne, 'yata. Amma me ya sa ba ki faɗa tun jiya ba?"

"Tsoro nake ji."

"Ciwon ido ba a kwana da shi a ɓoye. Ko me kika yi, ki faɗa."

A ƙofar asibitin akwai shagon mai gyaran tabarau. Mama ta ba shi na Kaka. Ya ce gilashin ya karce, sai an yanko sabo, a dawo mako mai zuwa.

Da suka isa gida, Injiniya ta durƙusa gaban Kaka.

"Kaka, ni na ɗauke tabaraunki. Ni na sa kika faɗi. Ki yafe mini."

Kaka ta lalubo kanta ta dafa. "Ashe ɓarawon a cikin gida yake, har da taya mu nema."

"Ki yafe mini, Kaka."

"Na yafe. Amma da kin tambaye ni, ai da na ce a'a, da yanzu idonki lafiya, gwiwata lafiya."

Injiniya ta nemo Auta ma ta ba shi haƙuri. Ta ce babu abin da zai biyo shi, ƙarya ta yi masa.

Da Baba ya dawo, Mama ta gaya masa komai. Ya kira Injiniya.

"Na ce kada ki taɓa sai da babba. Kika ce kin ji."

"Na yi kuskure, Baba."

"Kawo akwatin kayan aikinki. Zai zauna a wurina sai idonki ya warke. Kuma daga yau ke ce idon Kaka, har tabaraunta ya dawo."

Haka aka yi. Ita ke riƙe hannun Kaka zuwa bayi. Ita ke miƙo mata buta, ta nemo mata takalmi.

"Dubi mu," in ji Kaka. "Mai ido ɗaya tana jan marar ido. In muka faɗa rami kada a tambayi kowa."

Kullum da safe Injiniya takan rufe idon hagu ta kalli Mama. Baƙin abin ya koma toka-toka. Ya ƙanƙance. Wata safiya ta ga girar Mama, ta ga hanci, ta ga idanu biyu suna kallonta.

"Mama! Fuskarki ta dawo!"

Mama ta rungume ta. "Alhamdu lillahi. Da ma tana nan."

Likita ta sake dubawa ta ce ido ya warke. Amma har yanzu yaran ba sa bi ta ƙofar ɗakin shirgi. Auta yakan zagaya ta bayan tanki.

Baba ya lura. Ranar Asabar ya gayyato Malam gida. Suka buɗe ɗakin, suka bar ƙofar a wangale. Malam ya juya durowar, madubinta ya kalli bango. Ya cire agogon hannunsa ya sa a aljihu.

"Doka ta farko," ya ce, "a kawar da duk abin da ke ƙyalli. Ta biyu, kowa ya tsaya a tsaye, lesa tana ƙasa da ƙugu. Ba mai sunkuyawa."

Ya ɗaure bututun da kyau. Ya ciro wani tsohon gilashin da mai gyaran tabarau ya ba shi kyauta. Ya kunna lesar, ya riƙe gilashin a gabanta a ɗan karkace.

"Ku waiga."

Ga su nan a bango. Jajayen idanu biyu.

Auta ya ƙanƙame ƙafar Baba.

"Ku duba hannuna," in ji Malam. Ya karkata gilashin sama, idanun suka hau. Ya karkata ƙasa, suka sauko. "Gilashi fuska biyu gare shi, gaba da baya. Yawancin hasken yana wucewa. Amma kowace fuska tana maido da ɗan kaɗan baya. Ɗigo ɗaya daga nan, ɗigo ɗaya daga can."

Ya janye gilashin. Idanun suka ɓace.

"Ashe hannuna ne yake rawa," in ji Injiniya. "Shi ya sa suke motsi."

Auta ya saki ƙafar Baba. "Ni da ma ban ji tsoro ba."

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki.

A ranar suka ƙarasa aikin tare. Injiniya ta yanka kwali, ta yi wa sabon gilashin mazauni. Ta juya shi a hankali har ɗigon ya zama zagayayye, Malam ya sa gam. Suka sa komai cikin dogon akwatin kwali mai baƙin fenti a ciki. A ƙarshensa suka liƙa farar takarda, inda ɗigon zai sauka. Ta gefe kawai ake kallo, ta wata 'yar taga.

Ranar nuni yara suka yi layi a teburinta. Tana zare gilashin, ɗigon ya yi tsawo. Tana mayarwa, ya dunƙule. Kaka ma ta zo da sabon tabarau, ta leƙa ta tagar.

"Wannan ɗan mitsitsin abin ne ya jawo mana duk wahalar nan?" ta ce. "To, ya yi kyau dai."

Wani ɗan aji uku ya kai hannu zai buɗe murfin akwatin.

"Tsaya!" in ji Injiniya. "Ba a buɗewa tana kunne."

"Sau ɗaya kawai zan leƙa. Malam ba ya kallo."

"Ko ba ya kallo. In manya suka hana ka abu mai haɗari, ba don su ɓata maka wasa ba ne, sun san abin da ba ka sani ba. Kada ka ɗauki kayan wani ba da izini ba. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, kafin ya girma."

Yaron ya janye hannu. "To, ta ina zan kalla?"

Injiniya ta jawo masa ɗan benci. "Hau nan. Sa idonka a tagar. Me ka gani?"

"Tauraro!" in ji yaron. "Jan tauraro a cikin kwali!"

Ya juya ya ƙwala wa abokansa kira, su zo su gani.